Ido Fitila Ne Ko Taga?

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, ga wata tambaya mai kama da wasa. In mutum ya tsaya a bakin kasuwar Dandin Mahe ya hango rago, shin wani abu ne ke fita daga idonsa ya tafi wurin ragon, ko kuwa wani abu ne ke tasowa daga ragon ya shigo idonsa?

Masanan da, irin su Yuklid da Batalimusa, sun ɗauka ido kamar fitila ne, yana aika haske zuwa ga abin da yake kallo. Wanda ya fi kowa warware wannan magana shi ne Alhasan Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske ne ke shiga ido. Hujjar kuwa a fili take. Da ido fitila ne, ai da mun gani cikin duhu, ba mai tuntuɓe da turmi in an kashe aci-bal-bal. Wani zai ce, to, idon kyanwa fa da ke ƙyalli da dare? Wannan ba haskenta ba ne. Akwai wani shimfiɗi kamar madubi a bayan idonta da ke maido da hasken tocilan ɗinka. Kashe tocilan ka gani.

Haske yana fitowa daga abubuwa kamar rana da wuta, yana tafiya a miƙe, da saurin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, amma cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi haskenta ya iso. Shi ya sa in mata na sussuka daga nesa, kakan ga taɓarya ta sauka kafin ka ji ƙararta. In haske ya faɗa kan rago, wani sashe yakan dawo ya shiga idonka. Wannan shi ne gani.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Da rana tsaka ka shiga ɗakin ƙasa, ka rufe ƙofa da taga, ka toshe ko'ina, ka bar 'yar ɓula guda kamar ƙwayar wake. Ka riƙe farin ƙyalle daura da ita, ka ɗan jira. Za ka ga hoton tsakar gida a jikin ƙyallen, amma a kife: kan bishiya a ƙasa, gindinta a sama. Dalili shi ne haske ba ya kwana. Wanda ya taso daga kan bishiya ya ratsa ɓular ya sauka ƙasa, na gindi kuma ya haura sama.

To, ido ma ɗaki ne irin wannan. Baƙin ɗigon tsakiyar ido shi ne ɓular, yana buɗewa cikin duhu, yana tsukewa cikin rana. Bayansa akwai wani ɗan abu garai-garai mai siffar gilashin tabarau, wanda ke tattara haske ya ajiye hoto a bangon bayan ido. A wannan bango akwai ƙwayoyin halitta fiye da miliyan 100 masu jin haske. Su ke aika saƙo ta jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fassara kifaffen hoton mu ga duniya daidai.

Mene ne amfanin sanin wannan? Na farko, kada a ƙura wa rana ido. Wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu ya san abin da tattararren haske ke yi. Haka gilashin ido ke tattara rana a bangon baya, bangon kuwa ba ya jin zafi, sai ɓarna ta auku kafin a farga. Ranar 29 ga Maris, 2006, an yi husufin rana, har gari ya yi duhu da safe a Gusau da Katsina da Maraɗi. In irin wannan rana ta sake zuwa, a hana yara kallon sama. A dubi ƙasa, ƙarƙashin dogon yaro: ratar ganye ɓuloli ce, za a ga hoton rana birjik kamar jinjirin wata.

Na biyu, maganar yanar ido da ke damun tsofaffinmu. Ba wata fata ce ta rufe ido daga waje ba. Gilashin nan na ciki ne ya yi hazo, haske ya kasa wucewa, alhali sau da yawa bangon baya lafiyarsa lau. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce babban sanadin makanta ga masu shekara 40 zuwa sama. Masu yawo ƙauyuka suna tura gilashin cikin ido da tsinke sukan jawo ciwon da ba ya gyaruwa. A asibiti kuwa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, cire shi ake yi a sa na roba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka koma gida hutu ka tarar Kaka na lalube, kada ka ce tsufa ne kawai. Ka yi wa Baba bayani cikin ladabi a kai ta likitan ido ya duba. Mai yiwuwa ɗakin lafiya yake, taga ce ta yi ƙura.