Darasi Ga Manajoji: A San Ciwo Kafin A Nemi Magani

Matakin farko na kowane bincike a ma'aikata shi ne tantance ainihin matsalar. Raguwar ciniki ko yawan fashin aiki alamu ne kawai, kamar zazzaɓi a jikin majiyyaci. Aikin manaja shi ne gano cutar.

A shekarar 1924, kamfanin Western Electric ya soma bincike a masana'antarsa ta Hawthorne, kusa da birnin Shikago a Amurka, domin sanin ko ƙarin hasken lantarki zai ƙara yawan aiki. Rahotanni suka nuna aiki ya ƙaru har lokacin da aka rage hasken. Sai masu binciken, waɗanda Farfesa Elton Mayo ya haɗu da su daga baya, suka sauya tambaya, suka koma kan dangantakar ma'aikata da shugabanninsu da kuma junansu, har zuwa 1932. Ko da yake masana sun yi ja-in-ja kan alƙaluman, binciken ya zama ginshiƙin ilimin halayyar ma'aikata.

Saboda haka, kafin manaja ya kashe ko kwabo, ya rubuta matsalarsa filla-filla: a wane sashe take, tun yaushe, kuma nawa ake asara? Sannan ya saurari ma'aikatansa.