Yadda Ake Sayen Abinci Ɗai-ɗai a Gyaɗi-Gyaɗi

A saman takardar abinci ta manyan otal-otal akan ga an rubuta à la carte. Faransanci ne, ma'anarsa "bisa abin da ke kan kati": kowane abu da kuɗinsa, ka zaɓi wanda ranka ke so, shi kaɗai za ka biya. Kishiyarsa table d'hôte, wato teburin mai masauki, inda ake girki ɗaya, farashi ɗaya, kowa ya ci abin da aka sauke. Haka masaukan Faransa suke kafin gidajen abinci su ɓullo a Paris a shekarun 1760, sannan irin su Antoine Beauvilliers suka zo a shekarun 1780 da doguwar takarda da ma'aikata masu tsaf-tsaf.

Hajiya mai tuwo da ke bayan Asibitin Malam Aminu Kano ba ta taɓa jin sunan Beauvilliers ba, amma tsarin à la carte a hannunta yake. Takarda ce kawai babu. Kulolinta su ne katin.

To, da ka isa kada ka zauna tukuna. Yi sallama, ka leƙa. A buɗe maka kula ka gani da idonka, domin miyar da ta burge da azahar ba lallai ta kai la'asar da mutuncinta ba. Sannan ka tambayi kuɗi, ko da jiya ka ci a wurin. A zamanin nan farashi ba ya kwana inda ya yini.

Daga nan sai ka kafa tushe. Tuwo da malmala ake ƙirga shi, shinkafa kuwa da kuɗi ake faɗa, ko da filet. "Hajiya, malmala biyu, na shinkafa." Ita ma ba ta ɓata baki: "Wace miya, Alhaji?" Kuka, kuɓewa, taushe, ko a haɗa maka biyu. Yawanci miya na bin tuwo ne, ba a yi mata kuɗi daban.

Wurin nama ake yin ta. Nan ne aljihu ke zubewa mutum bai sani ba. Tsoka da kuɗinta, ganda da nata, kayan ciki da nasu, kifi kuma sai an duba kai ne, tsakiya ko jela. Faɗi adadi da bakinka, ka tsaya ka ga ludayi ya shiga ya fito. In ka ce "sa min nama" kawai ka juya kana amsa waya, za ka tarar da yanka huɗu sun yi maka sahu a kan tuwo, kuma kunya ba za ta bari ka ce a rage ba. Wanda ya san gari yakan ce, "Ɗaya ya isa, a ɗan ƙara romo." Romo ba a sayar da shi, alheri ne, kamar gyara a kasuwar Tarauni, kuma fara'arka ce ke sayensa.

Sauran tarkace, salak, dafaffen ƙwai, soyayyar ayaba, ruwa ko zoɓo, kowanne ka ambata ya hau lissafi. Teburin mai shayi ma haka yake da daddare a Court Road: ruwan bunu ko mai madara, ƙwai nawa, Indomie nawa, burodi na nawa. Shi ya ma fi kowa iya lissafin ka, yana kaɗa ƙwai yana tara kuɗin mutum biyar.

Kafin ka wanke hannu, ce a haɗa maka jimilla. Lissafi bayan an ƙoshi shi ke kawo "ai ban ce a sa ba". In tiransifa za ka yi, tambaya tun da wuri, don kada ka cinye sannan sabis ya ɗauke, ka zauna gadin kwanon da ka suɗe.

Ni a gidan abinci mai sanyin na'ura na koyi nawa karatun, can wajen Zoo Road. Na ga gasasshen kifi a takarda, kuɗin bai tsorata ni ba, na nuna da yatsa. Can sai ga kifi shi kaɗai a farin faranti, da yankan lemon tsami a gefe kamar ɗan rakiya. Na ce, "Malam, ina shinkafar?" Yaron da ya kawo kifin ya rusuna, ya juya takardar, ya nuna min wani layi a ƙasa: shinkafa daban, dankali daban, har miyar da za a zuba. Na shafa aljihu, na ce ya kawo ruwa. Shi ma ya rubuta.