Yadda Ake Zaɓen Tattabarar Da Shaho Ba Zai Tsince Ta Ba

Duk wanda zai fara kiwon tattabara a Tambuwal ko Kebbe, fara yake nema. Fara fat, ko mai roɗi-roɗin ja da fari, ko irin waɗanda ake kawowa daga Sakkwato da Kano masu wutsiya a baje da gashi har ƙafa. Mai sayarwa ba zai hana shi ba, tunda su ne masu kuɗi. Kafin wata biyu sai ka ji ana zargin yaran maƙwabta da sata, alhali sau da yawa ɓarawon daga sama ya sauko.

Da farko ka yanke shawara: kulle za ka yi ko saki? In kulle ne a keji, sayi duk launin da ya yi maka, sauran maganar launi ba taka ba ce. In kuwa za su riƙa fita, su bi gonakin gero da dawa bayan girbi su dawo da yamma, kamar yadda ake kiwo a Dogon Daji da Sanyinna da Kuchi, to ga abin da za ka nema.

Nemi mai launin toka. Jiki ruwan toka, layi biyu baƙaƙe a kan kowane fiffike, wuya yana ɗan walƙiyar kore da shuni. Bayanta sai mai toka da ɗigo-ɗigon baƙi, sai mai ruwan ƙasa. Waɗannan in sun sauka a gona ko kan katangar laka sai ka ƙura ido kafin ka ƙirga su, a sama kuma sukan saje da juna.

Sajewar ita ce gaba da komai, kuma a nan masu ba da shawara suke kuskure. Suna cewa shaho yana son fara, kamar namanta ya fi daɗi. Abin da shaho yake bukata shi ne ya ware tsuntsu guda daga cikin garke ya kafa masa ido, kuma wanda ya bambanta da 'yan uwansa shi ya fi sauƙin warewa. Wani masani mai suna Christian Rutz ya bibiyi shahunan birnin Hamburg na Jamus, ya buga sakamakon a 2012: fararen tattabaru, waɗanda 'yan kaɗan ne a cikin garken masu toka, sun fi yawa a cikin abin da shahunan suke kamawa fiye da yadda yawansu ya kai. Saboda haka masu toka goma da fara guda, ka san wadda ka ba da sadaka. Kada kuma ka tara kowane launi ɗaya-ɗaya don sha'awa. Garke ya zama kusan iri guda.

Akwai fari ɗaya da nake so. Ɗaga fikafikan ka duba gadon baya, daidai saman gindin wutsiya. In akwai farin tabo a wurin, sauran jiki kuma toka, kada ka bar ta. A 2005 Alberto Palleroni da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar Nature kan shaho da tattabaru a garin Davis na Amurka, suka gano masu wannan tabo sun fi tsira. Har musanya gashin bayan suka yi tsakanin tsuntsaye, tsirar ta bi gashin. Bayanin da suka bayar shi ne shaho yana kafa ido a kan farin, tattabara ta mirgina a iska, farin ya ɓace masa, sai ya wuce da saurinsa.

Launi ya yi, sai lafiya. Karɓi tsuntsun a hannunka, kada ka saya daga cikin kwando. Shafa ƙirji: in ƙashin ya fito da kaifi, babu tsoka gefe da gefe, mayar da shi. Buɗe baki ka leƙa maƙogwaro, wanda ya kamata ya zama ja-ja mai tsabta. Duk wani abu rawaya da ya manne ciki ciwo ne mai yaɗuwa ta ruwan sha, iyaye kuma suna ɗura wa 'yan shila shi. Baje fiffike a rana ka nemi ƙwarƙwata. Ƙuraje a gefen ido ko baki, waɗanda sauro ke yaɗawa da damina, a'a. Mai karkata wuya ko juya kai sama, ko kyauta aka ba ka kada ta shiga gidanka, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa kajinka.

Maganar gane mace da namiji ta hanyar matsa ƙashin gindi, ko riƙe baki a ga ko zai fizge, duk caca ce. Tsaya ka kalle su. Namiji shi ne mai kumbura wuya yana kuka yana juyi, yana jan wutsiya a ƙasa. Mafi sauƙi ka sayi aure wanda ya riga ya haɗu, ko ka ɗauki matasa shida ka bar su su zaɓi juna.

Yanzu ga wurin da kuɗin mutane ke tashi sama. Babbar tattabara ta san gidanta. Ka saye ta a kasuwar Tambuwal, asalinta daga Jabo, ka sake ta bayan kwana uku, kafin la'asar tana kan akurkin tsohon ubangidanta. Wasu marasa tsoron Allah sukan sayar da aure guda sau da dama ta wannan hanya. Don haka na fi son 'yan shila da suka fara tsattsagar hatsi da kansu, masu wata ɗaya zuwa sati shida, waɗanda bakinsu bai gama ƙwari ba kuma har yanzu suna ɗan tsuwa. Ba su taɓa yawo ba, gidan da suka fara gani daga sama shi ne nasu. Sun fi araha nesa ba kusa ba, illa dai sai ka jira su kai wata biyar ko shida kafin ƙwai.

In dole sai manya, to ka kulle su inda za su riƙa hango tsakar gida ta waya, kada ka jefa su cikin duhu. Sati biyu bai isa ba, ko wa ya gaya maka. Jira har su yi ƙwai. Biyu macen take yi, kwanci kwana 18 ko kusa da haka, namiji ya karɓa da rana, mace ta kwana a kai. Idan sun ƙyanƙyashe suna ɗura, sannan ka buɗe, domin 'ya'yan ne igiyar da ta ɗaure su. Sakin farko ya zama da yamma liƙis, suna jin yunwa, kai kuma kana tsaye da ƙwaryar gero kana yi musu irin kiran da ka saba yi lokacin ba su abinci. Kada ka kore su su tashi, kada ka bar yara su yi ihu. Fige gashin fiffike da wasu ke yi yana hana su gudu, gaskiya ne, amma tsuntsun da ba ya tashi a tsakar gida rabon muzuru ne.

Ɗaki ba wuya: tsohuwar tukunya ko akurkin laka, a sama inda kyanwa da gafiya da maciji ba sa kaiwa, gurbi biyu ga kowane aure don takan sake ƙwai tun 'yan shila ba su tashi ba. Ban da kwano tsirara a kansu, zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40. Abinci gero da dawa da ɗan wake, da tsakuwa ƙanana a gefe. Ruwa ya yi zurfin da za su nutsa baki, don zuƙa suke yi, ba ɗaga kai irin na kaza ba, kuma a canza shi kullum.

In ka samu hali, je gidan mai su ka ga iyaye kafin ka biya. Masu toka biyu suna iya ƙyanƙyashe fara in farin yana ɓoye a jininsu. Idan ta fito maka, bar ta ta kai wata guda ka kai kasuwa, masu son fara ba sa ƙarewa, ko a yi wa mai jego farfesu da ita.