Allura Kaɗai Ba Ta Isa Ba: Hawan Jinin Ido Mai Bin Bayan Ciwon Suga

A cikin nau'o'in hawan jinin ido da muke gani a asibiti, akwai wanda ya fi sauran saurin ɓarna da azabar ciwo, shi ne wanda tsirowar sababbin jijiyoyin jini ke haddasawa. Wanda aka saba da shi yakan ci gani a hankali, shekara da shekaru, mai shi bai sani ba. Wannan kuwa cikin 'yan makonni yake iya rufe ido, ga ja, ga ciwon kai na ɓari ɗaya, wani lokaci har da amai.

Tushen cutar yana can bayan ido, a tantanin da ke ɗaukar hoto, wato retina. Idan jini ya daina isa gare shi sosai, sai ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Jijiyoyin nan ba su da ƙwari, kuma ba sa tsayawa inda ake bukatarsu. Sukan yaɗu har gaban ido su mamaye magudanar da ruwan cikinsa ke fita, kamar yadda ciyawa ke toshe kwata da damina. Ruwa ya rasa hanya, matsi ya hau. Awon lafiyayyen ido tsakanin 10 ne da 21, amma a nan mukan ga 50, har 60. Abu biyu suka fi jawo cutar: ciwon suga da ya daɗe ba kulawa, da toshewar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga retina, wadda ta fi samun masu hawan jini. Bayan toshewa mai tsanani, cutar takan bayyana cikin wata uku ko kusa da haka.

Idan majinyaci ya zo, sauke matsin muke fara yi da magungunan ɗigawa irin su timolol da dorzolamide da brimonidine, da ƙwayar Diamox. Mukan ƙara atropine da maganin kumburi don ciwon ya lafa. Don Allah kada a saye su a kemis bisa shawarar maƙwabci. Timolol na iya tayar wa mai asma da ciwonsa, Diamox kuma yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai sikila.

Sai allurar cikin ido, Avastin ko Lucentis ko Eylea, masu kashe ƙarfin sinadarin nan. Aikinta abin mamaki ne. Idon da ka duba da na'ura ka ga jajayen zare sun lulluɓe zoben ƙwayarsa, bayan 'yan kwanaki sai ka tarar sun janye. To, a nan ne muke rasa mutane da yawa. Dattijo zai dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Likita, alhamdu lillahi, ido ya yi sanyi." Ka ce, "Baba, saura leza, a dawo mako mai zuwa." Shi ke nan, ba ka ƙara ganinsa sai ciwo ya dawo. Ƙarfin allurar mako huɗu zuwa shida ne, kuma retina tana nan cikin ƙarancin jini. Jijiyoyin su sake tsirowa, su bar tabo, tabon ya ja magudanar ya rufe ta ruf. Daga nan babu allurar da za ta buɗe ta.

Leza ce ke taɓa tushen. Ana ɗiɗɗiga haskenta fiye da sau 1,000 a gefen retina, galibi a zama biyu ko uku, don a rage wurin da ke fitar da sinadarin. Ba zan ɓoye muku ba, tana ɗan rage ganin gefe da na dare. Amma a wurina wannan ba abin kwatantawa ba ne da rasa idon gaba ɗaya.

In magudanar ta riga ta rufe, sai tiyata. Yanka wa ruwa sabuwar hanya yakan yi aiki, sai dai a wannan cuta hanyar na yawan toshewa. Shi ya sa aka fi karkata ga dasa siririn bututu, irin Ahmed ko Baerveldt, ko AADI da ake yi a Indiya mai sauƙin kuɗi. Idon da ya riga ya mutu yana ta ciwo kuwa, akwai leza ta dabam da ke rage ruwan da yake samarwa. Cire ido shi ne matakin ƙarshe, kuma ba ma gaggawar zuwa can.

Na san kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar leza ba. Ku nemi a tura ku asibitin koyarwa ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku kuma tambayi tsarin maganin gaba ɗaya tun farko, kada abin da dangi suka haɗa ya ƙare a allura. A duba ɗaya idon ma, domin ciwon suga ido biyu yake taɓawa.

Jama'a masu ciwon suga, ko kuna gani garau, ku je a ɗiga muku maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda kuma ganinsa ya dushe farat ɗaya, ko babu ciwo, kada ya kwana bai nemi likitan ido ba.