MALAMIN INGILISHI A ƘASAR FARANSA

Tsakanin Ingila da Faransa akwai wani siririn teku, wanda faɗinsa a inda ya fi ƙunci kamar mil 21 ne. Duk da wannan kusanci, harshen mutanen ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Don haka tun wajen 1905 aka shirya samari da 'yammata masu jin Ingilishi su riƙa ƙetarewa, su taimaki malaman makarantun Faransa. Har yau ana yi. Su kan zo daga Ingila, da Amurka, da Kanada, har da Kenya da Afirka ta Kudu. Su kama aiki ran 1 ga Oktoba, su gama a ƙarshen Afrilu, wata bakwai ke nan.

Awa 12 kaɗai irin wannan malami ya ke koyarwa a mako. Nahawu kuwa ba nasa ba ne, na malamin aji ne, Bafaranshe. Nasa aikin shi ne ya sa yara su buɗe baki su yi magana. Wanda ya ji haka sai ya ce aikin ba wuya. To, amma sauran awoyin mako shi ne ɗalibi, mutanen gari duka su ne malamansa.

Darasin farko gaisuwa ce. In ya shiga kantin burodi da safe, dole ya ce wa mai kanti Bonjour kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. In ya manta, za a sayar masa da burodin, amma da ɗaurarriyar fuska. Sa'an nan ga zancen tu da vous. Kamar yadda yaro mai ladabi ya kan ce wa dattijo “ku”, ba “kai” ba, haka Faransawa su ke cewa vous ga babba ko baƙo, tu ga aboki ko yaro. A Ingilishi kuwa kalma ɗaya ce ga sarki da talaka. Saboda haka baƙon malami ya kan daɗe yana tuntuɓe a nan, ya kira shugaban makaranta kamar abokin wasansa, bai ma san ya yi laifi ba.

Masauki shi ma abin damuwa ne. Albashin kaɗan ne, masu gidajen haya kuma su kan nemi wanda zai tsaya wa mutum, baƙo kuwa ina zai samo shi? Mai sa'a shi ne wanda makarantarsa ta ba shi ɗan ɗaki.

A makaranta zai tarar ana ƙirga aji da baya. Yaro mai shekara 11 ya kan shiga aji shida na sakandare, baɗi ya wuce aji biyar, haka har ya kai aji ɗaya, sa'an nan ya yi shekarar ƙarshe. Maki kuma bisa 20 a ke ba da shi, wanda ya sami 10 ya tsira. Ran Laraba da rana galibin makarantu a rufe su ke. Asalin wannan daga dokokin wani minista ne, Jules Ferry. A 1881 aka mai da karatun firamare kyauta, a 1882 aka mai da shi tilas, aka fid da darasin addini daga makarantun gwamnati, aka bar wa iyaye ranar Alhamis su koya wa 'ya'yansu addini in sun so. A 1972 ne aka mai da ranar Laraba. Malamin makarantar gwamnati ba shi da izinin sa wata alamar addininsa a wurin aiki, ko Musulmi ne, ko Kirista, ko Bayahude. Wannan ya kan yi wa waɗansu baƙi nauyi ƙwarai, ya kamata mai niyyar zuwa ya san da shi tun yana gida.

Cikin aji, babbar rigima da harafin H a ke yinta, don Faransawa suna rubuta shi amma ba su furta shi. Yaro zai so ya ce hungry, watau yana jin yunwa, sai malam ya ji kamar angry, watau yana fushi. Malami mai dabara ya kan ba kowa 'yar takarda ya riƙe a gaban baki. In takardar ta motsa, harafin ya fito. In ba ta motsa ba, a sake. Aji ya yi ta dariya, amma su kan iya.

Shi ma malamin akwai tarkon da ke jiransa. A 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi ya ci Ingila da yaƙi, daga nan kalmomin Faransanci da yawa suka shiga Ingilishi. Waɗansunsu kama kawai su ke yi, ma'ana ta rabu. Library a Ingilishi ɗakin aron littafi ne, librairie kuwa a Faransanci kantin sayar da littafi. Baƙo ya shiga da niyyar aro, a ce masa ya kawo kuɗi.

Da hunturu, a watan Disamba, ya kan fita gida da duhu, don a Faris rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas da rabi, ta kuma faɗi kafin ƙarfe biyar. A lokacin ne kewar gida ta fi damun baƙo. Waɗansu su ƙosa Afrilu ta zo. Waɗansu kuwa ƙasar ta kama su. Samuel Beckett, mutumin Ailan, ya je Faris a 1928 don ya koyar da Ingilishi. Daga baya ya zauna can, ya koma rubuta littattafansa da Faransanci, shi da kansa ya riƙa juya su zuwa Ingilishi. Ya sami lambar Nobel a 1969, ya mutu a Faris a 1989.