Amsoshin Tambayoyinku: Musun Addini a Majalisa

Tambaya: Muna da majalisa a ƙofar gidan wani abokinmu, muna zama bayan isha'i ana shan shayi. A da hirar ƙwallo da siyasa muke yi, yanzu kuwa kullum sai an faɗa maganar addini, musamman kabalu da sadalu. Har mutum biyu sun daina gaisawa. Malam, in daina zuwa ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin naɗe tabarmarka. Samari su zauna suna tambayar juna kan addininsu alheri ne, ko a majalisar Funtuwa ko a fadar samarin Damagaram. Inda ake samun matsala shi ne a mai da wurin hira wurin yanke fatawa.

Ɗauki maganar da ta raba abokanka. Saɓanin kabalu da sadalu ya girmi kakannin kowa a majalisarku. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hadisin ɗora hannun dama a kan na hagu cikin salla. A Mudawwana kuma an ruwaito daga gare shi cewa bai so a yi hakan a sallar farilla ba, shi ya sa yawancin Malikawan ƙasar Hausa suka daɗe suna sakin hannu. Kabalu ya yaɗu a nan ta hanyar almajiran Shehu Ibrahim Inyass, daga baya kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙara yaɗa shi. Kowane ɓangare yana da madogara, kuma malaman mazhabobi huɗu ba su ce sallar wani ta ɓaci don wannan ba. Ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku kuwa, Annabi (SAW) ya hana shi ƙarara.

Ga abin da nake ba ku shawara. Idan tambaya ta taso aka fara ɗaga murya, wani ya rubuta ta a waya, gobe mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su kai wa malamin zaure wanda ke karantar da Risala ko Iziyya. Su dawo da amsar da sunan littafin. Guntun bidiyon da wani ya turo ta WhatsApp, wanda aka yanke farkonsa da ƙarshensa, ba ya zama hujja. Ku kuma saba wa bakinku da cewa "ban sani ba". Imamu Malik kansa ya shahara da faɗinta.

Abokanka biyun nan, fara da babban cikinsu, ka same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. In aka kai ga kafirta juna ko zagin malamai, kuma nasiha ta ƙi tasiri, to a nan tashi ya fi zama. Allah Ya sa mu dace.