Majigin Masu Bi: Darasi A Kan Neman Aure Da Gafara

Kafin mu shiga darasin wannan wata, bari kowa ya buɗe Littafinsa ya karanta 2 Sama'ila 12:1-14.

Sa'ad da sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijinta a wurin yaƙi, Allah ya aiko masa da annabi Natan. Natan bai fara da tsawa ba. Labari ya ba shi, na wani mawadaci mai garkuna da yawa wanda ya yi baƙo, ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci, ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke wa mawadacin hukunci. Sa'an nan ne Natan ya nuna masa cewa shi ne mutumin.

Mu lura, abu biyu ne suka kai Dawuda ga tuba: labarin, da kuma annabin da ya tsaya a gabansa. Da labarin kaɗai ya ji, da ya yi fushinsa ya tafi ya kwanta da zunubinsa. Haka majigi ya ke, wato abin da yaranmu ke kira fim. Labari ne mai taɓa zuciya, amma ba ya iya duban ɗanka a ido ya ce da shi ya ke. Wannan aikin namu ne, mu iyaye da dattawan ekklesiya.

Inda waɗannan finafinai suka fito

Da yawa cikin finafinan masu bi da samarinmu ke kallo daga Amurka suka fito, da Turanci kuma aka yi su. A birnin Albani, cikin jihar Jojiya, akwai wata ekklesiyar Baftis mai suna Sherwood. Wa da ƙane, Alex Kendrick da Stephen Kendrick, a dā suna cikin ma'aikatanta. A 2003 suka yi fim na fari, *Flywheel*, da dala 20,000, 'yan ekklesiya ne kuma suka yi wasan. Daga baya suka yi *Facing the Giants* a 2006, *Fireproof* a 2008, da *Courageous* a 2011. Bayan wannan suka kafa kamfaninsu, suka fitar da *War Room* a 2015, *Overcomer* a 2019, da *The Forge* a 2024.

Ya kamata mu san al'adar mutanen da aka yi wa waɗannan finafinai. A can, saurayi ya kan zo da mota ya ɗauki yarinya su fita su biyu kaɗai, sau da dama ba tare da maganar aure ba, tun suna makarantar sakandare. A wurinmu kuwa a ƙofar gida ko a zaure a kan yi zance, ƙanne suna kai da kawowa, iyaye sun san ɗan wane ne ya zo. Amma wayar hannu ta ɗauke zance daga zaure ta kai shi cikin ɗaki da tsakar dare, inda ba idon kowa. Saboda haka damuwar iyayen Amurka ta zama tamu.

Abin da su ke koyarwa a kan neman aure

A cikin *Courageous* akwai wani ɗan sanda mai suna Natan Hayes, da 'yarsa Jade mai shekara 15. Wani saurayi ya zo zai fita da ita, uban ya hana, yarinyar ta yi fushi. Uban bai tsaya ga hani ba. Ya kai ta gidan cin abinci su biyu, ya zauna ya yi magana da ita, ya ba ta zobe, ya roƙe ta ta amince da shi cikin wannan al'amari har ranar aurenta. Daga baya aka kama saurayin nan tare da 'yan daba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma sai babban ya zauna ya faɗa wa yaron da ƙauna. Mu kuwa sau nawa mu kan hana da tsawa, ba mu taɓa zama mun ji abin da ke zuciyar 'ya'yanmu ba?

Akwai kuma wani tsohon fim, *Pamela's Prayer*, wanda Dave Christiano ya yi a 1998. Yarinya ce wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Ubanta ya rene ta, yana addu'a tare da ita kowane dare, ya kuma koya mata ta tsare kanta, ko sumba kada ta yarda sai ranar aure. Ta sha ba'a a makaranta, a ƙarshe ta auri mai bi.

A nan sai mu rarrabe tsakanin dokar gida da dokar Allah. Zobe al'adar Amurka ce. Hana fita zance dabarar wani uba ce. Abin da Maganar Allah ta umarta shi ne mu guje wa fasikanci, kada kuma kowa ya cuci ɗan'uwansa cikin wannan al'amari (1 Tassalunikawa 4:3-8). Saurayi ya ɗauki 'yan mata kamar ƙannensa da dukan tsarki (1 Timothawus 5:2). Mai bi kada ya haɗa karkiya da marar bi (2 Korinthiyawa 6:14). Mu lura, waɗannan umarnai sun hau kan samari daidai da 'yan mata. Yusufu namiji ne, shi ne kuwa ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu.

Gargaɗi daga Amurka

Wani saurayi mai suna Joshua Harris ya rubuta littafi yana da shekara 21, aka buga shi a 1997 da suna *I Kissed Dating Goodbye*. Ya ce masu bi su bar al'adar fita zance ɗungum. An sayar da littafin fiye da miliyan ɗaya. Bayan shekaru, mutane da yawa da suka girma da shi suka yi kuka, suka ce ya bar su da tsoro da kunya. Waɗanda suka faɗi suka ɗauka sun zama kayan da ba mai so. Waɗanda suka kiyaye kowace doka suka zaci Allah ya ci bashinsu na aure mai daɗi. A 2018 Harris ya roƙi gafara a fili, aka daina buga littafin. A 2019 ya sanar cewa ya rabu da matarsa, ya kuma bar bangaskiya. Ba don dariya muka kawo labarinsa ba. Mu yi masa addu'a, mu kuma ɗauki darasi.

Majigi yana da irin wannan hatsari. Kafin a kunna fitila, mai biyayya ta sami miji nagari, mai addu'a ya ci gasa. Allah bai yi mana alkawarin haka ba. Yusufu ya guje wa zunubi, ladan da ya fara samu kurkuku ne. Mu koya wa yaranmu su tsare kansu domin su na Kristi ne, an saye su da jininsa, ko aure ya zo da wuri, ko ya jima, ko bai zo ba. Kada kuma mu koya musu tsarki mu bar gafara, gama wanda ya ji doka kaɗai, ran da ya faɗi ba zai san hanyar komowa gida ba.

Abin da su ke koyarwa a kan gafara

*Overcomer* labarin Hannah ne, yarinya mai shekara 15, mai ciwon asma, wadda ke tseren gudu a makaranta. Kakarta ce ta rene ta, ta gaya mata ubanta ya mutu. Ashe yana da rai. Shaye-shaye ne ya sa ya yashe ta tana jaririya. Yanzu ya tuba, ya makance, yana kwance a asibiti. Hannah kanta tana da halin ɗauke-ɗauke. Sai da ta karɓi Ubangiji Yesu, ta karanta Afisawa sura 1 da 2 ta ga abin da Allah ya yi mata, sa'an nan ta mayar da kayan da ta sata, ta kuma iya gafarta wa ubanta.

Wannan jeri daidai ya ke da koyarwar Ubangijinmu a Matta 18:21-35. Sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, bawan kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Wanda ya san girman bashin da aka yafe masa, shi ke iya yafe wa wani.

A cikin *Courageous* kuma akwai wani ƙaramin ɗan sanda, Dawuda Thomson, wanda ya yi wa wata ciki suna makaranta, ya gudu ya bar ta da 'ya. Da ya tuba, ya rubuta mata ya roƙi gafara, ya soma ɗaukar nauyin yarinyar. Ya 'yan'uwa, wannan ya kamata ya kunyata mu. A ekklesiyoyinmu da dama, yarinya ce a kan sa ƙarƙashin horo ta zauna a bencin baya, domin nata laifin ya fito a jiki, saurayin kuwa ya shiga mota ya tafi birni. Haka Farisawa suka yi a Yohanna sura 8: mace kaɗai suka kawo. Horo daidai ne, amma ya hau kan su biyu, ya kuma kasance yana da iyaka. Bulus ya umarci Korinthiyawa su karɓi wanda ya tuba, su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korinthiyawa 2:5-11). Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da gafara ba ta nufi ba

A majigi gafara ta kan cika cikin minti kaɗan, da kiɗa mai taushi. A rayuwa ta kan ɗauki lokaci. Shekara 22 suka wuce tsakanin sayar da Yusufu da ranar da ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, kuma sai da ya gwada su tukuna ya ga ko sun sake hali. Gafarta wa mutum wajibi ne. Sake amincewa da shi kuwa sai an ga 'ya'yan tuba. Yarinya tana iya yafe wa saurayin da ya yaudare ta ba tare da ta koma masa ba.

Gafara kuma ba rufe mugunta ba ce. Sa'ad da Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, wanta Absalom ya ce ta yi shiru, Dawuda ya yi fushi amma bai hukunta ba. Bayan shekara biyu jini ya zuba a gidan sarki (2 Sama'ila 13). Idan an yi wa yarinya ƙarfi, ba ta yi zunubi ba, ba ta shiga horo, ba a kuma tilasta mata auren wanda ya cuce ta. A kai maganar ga hukuma, gama Allah ne ya sa ta domin hukunta mugu (Romawa 13:4). A nan *Courageous* ya yi daidai: da wani ɗan sanda ya gane abokinsa yana satar kayan shaida, ya kai ƙararsa, sa'an nan ya bi shi kurkuku ya ziyarce shi.

Yadda za mu kalla tare

Na ɗaya, uba ko uwa ko shugaban matasa ya fara kallon fim ɗin shi kaɗai. Ba kowane mai sunan Kirista ne ya dace da kowane yaro ba.

Na biyu, a kalla tare. Kada a miƙa wa yaro waya a tafi. Idan akwai waɗanda ba su jin Turanci, a riƙa tsayarwa ana fassara.

Na uku, in an gama kada a watse. A tambayi yara wane ne ya yi kama da su a cikin labarin, a kuma saurara kafin a yi wa'azi.

Na huɗu, a buɗe Littafi a auna abin da aka gani: wanne ne umarnin Allah, wanne ne al'adar masu fim?

Na biyar, iyaye su fara. Uban da bai taɓa roƙon gafarar matarsa a gaban yara ba, da wuya majigi ya koya musu abin da ba su gani a gida ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Natan ya fara da labari? Wa zai yi aikin Natan a gidanka?
2. Wace doka ce a gidanku ta Allah ce, wacce kuma ta gida ce?
3. Idan ɗanka ko 'yarka ta faɗi cikin zunubi yau, wa za ta fara gaya wa? Don me?
4. Akwai wanda ya gama horo a ekklesiyarku amma har yanzu ba a karɓe shi da zuciya ɗaya ba?

Bari mu rufe da addu'a domin samari da 'yan matan ekklesiyarmu, muna ambaton su da suna, har da waɗanda kunya ta hana su zuwa sujada. Cikin wannan mako kuma, kowa ya nemi ɗaya daga cikinsu ya ziyarce shi.